Tarar Ajiye Mota a Ƙofar Gidanka: Rikicin 'Yan Haya da Kamfanoni a Ingila

A cikin takardun da ke tayar da hankalin 'yan ƙasarmu mazauna Ingila, musamman ɗalibai da likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi tururuwa can a 'yan shekarun nan, akwai wadda ba a cika ba da labarinta ba idan an zo gida hutu. Takarda ce da mutum zai tarar an manna masa a gilashin mota, ko ta iso ta gidan waya, tana neman ya biya fam 100 saboda ya ajiye motarsa a harabar gidan da yake haya, a gurbin da aka ce nasa ne, wanda kuɗinsa ke cikin hayar da yake biya duk wata. Laifinsa, in ji takardar, bai maƙala katin izini a inda za a gani ba, ko katin ya zame ya faɗi, ko ba a shigar da lambar sabuwar motarsa a rajista ba. Sai kuma a yi masa tayin rangwame: in ya biya cikin kwana 14, fam 60 ya wadatar. Da yawa biya suke yi su huta. Ni kuwa ina ganin da dama daga cikinsu bashin da ba su ci ba suke biya.

Sai an san asalin takardar kafin a gane rikicin. A Ingila ƙaramar hukuma tana da ikon da doka ta ba ta na cin tarar wanda ya ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba a kan titin gwamnati. Kamfani mai zaman kansa ba shi da wannan iko ko kaɗan. Abin da yake riƙe da shi da'awa ce kawai, cewa akwai yarjejeniya tsakaninsa da direba: ya kafa allo mai ɗauke da sharuɗɗa, direba ya gani ya ajiye mota, don haka ya amince. Amma kamfanonin sun zaɓa wa takardarsu sunan da idan an taƙaita shi yake zama PCN, haruffa ukun da takardar hukuma take da su, kuma sukan sa ta a leda mai ruwan ɗorawa irin ta hukuma. Baƙon da bai daɗe da sauka ba, wanda kullum yake kaffa-kaffa da doka saboda bizarsa, ba zai tsaya tantance kura da akuya ba.

Wannan sana'a ta bunƙasa ne daga watan Oktoban 2012. Kafin nan, kulle tayar mota da ƙarfe ake yi a filaye masu zaman kansu, ba a kwancewa sai an biya. Dokar kare 'yanci ta wannan shekara ta haramta hakan a Ingila da Wales, amma a madadinsa ta ba kamfanoni damar bin wanda sunansa ke kan takardun mota idan ba a san direban ba, matuƙar sun cika wasu sharuɗɗa na lokaci da na lafazin sanarwa. Hukumar rajistar motoci ta DVLA kuma tana ba su suna da adireshin mai mota a kan fam biyu da rabi kowane ɗaya. A 'yan shekarun nan buƙatun da kamfanonin ke aika mata sun haura miliyan goma a shekara. Sai ga hukuncin Kotun Ƙoli na watan Nuwamban 2015 a shari'ar kamfanin ParkingEye da Barry Beavis, wani mai shagon soyayyen kifi da dankali da ya zarce awa biyun da aka ba shi kyauta a harabar wasu kantuna a Chelmsford da kusan awa guda. Kotun ta ce fam 85 da aka nema daga gare shi bai wuce kima ba, domin masu kantuna suna da halastacciyar buƙata ta ganin motoci suna fita wasu suna shiga. Tun daga ranar kamfanonin suke ambaton wannan shari'a a wasiƙunsu kamar laya.

To, amma me ya haɗa harabar kanti da ƙofar gidan mutum? Mai zuwa kanti baƙo ne, ba shi da haƙƙin tsayawa a filin sai wanda allon ya ba shi, saboda haka dole ya karɓi izinin tare da sharuɗɗansa. Ɗan hayan da yarjejeniyarsa ta ba shi gurbi kuwa ya riga ya mallaki izinin tun kafin a buga allon. Yarjejeniya ba ta ƙulluwa sai kowane ɓangare ya ba da wani abu, kuma kamfanin ba shi da abin da zai ba wannan mutum, tun da abin da yake tallatawa yana hannun mutumin. Babu kuma wata buƙata ta motoci su riƙa sauyawa a gurbi mai lamba 14 wanda na mazaunin ɗaki mai lamba 14 ne. Dokar Ingila tana da tsohuwar ƙa'ida da ke hana mai gida ya bayar da abu a yarjejeniya sannan ya zagaya ta baya ya rage shi. Da ita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi aiki a 2001 a shari'ar Saeed da Plustrade, inda ta ce mai gini ba shi da ikon ƙwace wa mazauniya haƙƙin ajiye motar da yarjejeniyarta ta ba ta. A 2016 kuma, a shari'ar Jopson da Homeguard, wata mata da ke zaune a Milton Keynes ta tsaya 'yan mintoci a ƙofar gininsu don sauke kayan ɗaki aka aiko mata da takarda. Alƙalin da ya saurari ɗaukaka ƙarar a Oxford ya ce tsayawa don sauke kaya daban, ajiye mota daban, kuma allon kamfani ba ya shafe abin da yarjejeniyar zaman gida ta tanada.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda kamfanonin ke shiga gidajen. Da sunan kare mazauna ake kawo su, wai don baƙi su daina cinye musu gurabe. Galibi ba sa karɓar ko sisi daga mai kula da ginin, wanda shi ya sa tayin yake masa daɗi. Kuɗin shigarsu daga takardun da suke rabawa yake fitowa. Da zarar baƙin sun ga allo sun janye, wa ya rage a harabar? Mazauna, da iyayensu da suka zo ziyara, da mai gyaran famfo, da ma'aikaciyar da ke zuwa kula da tsohuwar da ke hawa na biyu. A ginin da na zauna lokacin karatun digirina na uku, a wani gari na arewacin Ingila, watanni kaɗan bayan zuwan irin wannan kamfani duk wanda na gani tsaye da ledar nan a hannu maƙwabci ne. An ba kura ajiyar nama, sannan ana mamakin raguwarsa.

Ba kowane ɗan haya ne ke da gaskiya a wannan rikici ba. Mallakar irin waɗannan gidaje hawa-hawa ce: akwai mai filin da ginin, akwai wanda ya sayi ɗakin a kan haya mai dogon zango ta shekara 99 ko 125, sannan akwai ɗan hayan da shi wannan ya zuba. Kamfanin ajiye motoci da na sama yake hulɗa, ɗan haya kuwa na tsakiya kaɗai ya sani. Idan takardar hayar ba ta ambaci gurbin mota ba, dillali ne kawai ya nuna shi da yatsa ranar duba gida, to hujja ta yi rauni. Haka nan idan yarjejeniyar ta ce a riƙa nuna katin izini, ko ta ba masu kula da gini ikon kafa ƙa'idoji daga baya. Sannan yawancin waɗannan shari'u a ƙananan kotuna ake yanke su, kuma hukuncin wani alƙali a can ba ya ɗaure wani. Komai yana komawa ga abin da aka rubuta, shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina masu shirin tafiya cewa kafin su sa hannu su nemi a rubuta lambar gurbin a cikin takardar haya, su kuma roƙi mai gidan ya ba su kwafin shafin da ya yi maganar mota a tasa yarjejeniyar.

Akwai shawarar da ke yawo tsakanin mutanenmu cewa a yi watsi da takardar, ai ba ta hukuma ba ce. Wannan shawara tana jefa mutum rami. Gaskiya ne takardar kamfani ba laifi ba ce, ba ta shiga kundin 'yan sanda, kuma masu karɓo bashin da ke ƙara har fam 70 a kai suna rubutu da jan tawada ba su da ikon shiga gidan kowa. Sai dai kamfanin yana iya kai ƙara, kuma wanda bai amsa sammaci cikin kwana 14 ba ana iya yanke masa hukunci a bayan idonsa. Irin wannan hukunci, idan ba a biya cikin wata guda ba, yana zama a rajista shekara shida, inda banki da kamfanin waya da mai gidan haya na gaba duk za su gan shi. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa ma yana tambaya a kan hukuncin bashi. 'Yan haya sun fi kowa faɗawa wannan tarko, saboda suna yawan sauya gida ba tare da sun sauya adireshin da ke kan takardun motar ba, sai sammaci ya tafi tsohon gida. Hanyar da ta fi ita ce a rubuta wa kamfanin ƙin amincewa cikin kwana 28 tare da kwafin yarjejeniyar haya, a kuma matsa wa mai gida da mai kula da gini lamba, domin su suka ɗauko kamfanin kuma suna iya sa shi ya soke takardar. In ya ƙi, akwai kwamitin sauraron ƙorafi: POPLA ga kamfanonin da ke ƙungiyar BPA, IAS ga na ƙungiyar IPC. Kuɗin tafiyar da kwamitocin biyu daga aljihun masana'antar yake fitowa, mai karatu ya auna wannan da kansa.

Gwamnatin Birtaniya ba ta yi abin a yaba mata ba a nan. Majalisa ta zartar da doka a 2019 da ta wajabta fitar da ƙa'idar aiki guda ga dukan kamfanonin. An fitar da ita a Fabrairun 2022, ta rage yawancin cajin zuwa fam 50 a wajen Landan, amma kamfanonin suka garzaya kotu, gwamnati ta janye ta a watan Yunin shekarar. A 2024 ƙungiyoyin biyu suka rubuta wa kansu tasu ƙa'idar, suka bar fam 100 ɗin yadda yake.

Mu ma a gida lamarin yana ƙaratowa ta wata ƙofar. A rukunin gidaje na Abuja da Legas, kamfanonin kula da unguwa suna karɓar kuɗin hidima, suna raba sitikar shiga, wani lokaci su hana motar ɗan haya wuce ƙofa a kan bashin da ke tsakaninsu da mai gidan. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta tanadi cewa duk wanda ya karɓi kuɗin hidima daga ɗan haya ya ba shi rasit na daban, ya kuma ba shi bayanin yadda aka kashe kuɗin a rubuce aƙalla duk wata shida. A yawancin garuruwanmu na Arewa kuwa, haya da baki ake ƙulla ta gaban dillali, in an yi takarda ma ba ta wuce suna da kuɗi da ranar ƙarewa ba. Tana shiru a kan harabar gida, da rijiyar burtsatse, da kuɗin mai gadi, da inda mota za ta kwana.