Daga Kogin Isa Zuwa Tafkin Ébrié

A 1946 Jean Rouch da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka biyo kogin Isa daga Gini a kwalekwale, sai 1947 suka isa teku a Najeriya. Rouch ɗin nan ne ya ɗauki fim ɗin "Moi, un noir" a Treichville tare da Oumarou Ganda.

Da na ba 'yan ajina na Adjamé labarin, wata yarinya ta ce, "Malam, mu ai leda ta cinye namu ruwan." Gaskiyarta. Tun 2013 aka haramta leda, amma je ka bakin Ébrié ka gani.

Ran Asabar za mu kwashe shara, manya a kwalekwalen masunta, yara a gaɓa. Iyaye, don Allah a ba mu aron yaran.