Shirin Musamman: Dattawan da Barci Ya Ƙaurace Wa a Yammacin Zamfara

Yau shirinmu ya yada zango a Anka da Gummi da Bukkuyum, inda dattawa da dama ke kwana ido biyu.

A wannan yanki, magidancin da ya haura shekara 55 bai ajiye fartanya ba. Shi ke noman gero da dawa, shi ke neman kuɗin taki, ga marayu, ga 'yan'uwan da suka gudo daga ƙauye. A wasu wurare ma sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a yi girbi. Da ya kishingiɗa, sai lissafi ya taso.

Ban da lissafi, akwai fargaba, kuma tana da tushe. A 2010 gubar dalma daga sarrafa zinariya ta kashe yara kusan 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. A Janairun 2022 aka yi wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum kisan gilla. A daminar 2024 ambaliya ta raba dubban mutanen Gummi da muhallansu. Wanda ya taɓa tsere wa hari da tsakar dare, ƙarar babur kaɗai takan tayar da shi.

Masana lafiya sun ce dattijo na buƙatar barcin awa 7 zuwa 8. Dama shekaru na rage barci mai nauyi, sai kuma damuwa ta sa jiki ya riƙa sakin sinadaran da ke hana shi lafawa: zuciya na bugawa, kunne na sauraro. Da rana sai a nemi ƙarfi a goro da shayi mai kauri, alhali rabin sinadarin hana barci da ke cikinsu yana nan a jini bayan awa biyar. Idan rashin barcin ya daɗe, yakan share wa hawan jini da ciwon suga hanya.

Don haka bai kamata iyali su ce “ai tsufa ne” su yi shiru ba. A bar goro bayan la'asar, a taƙaita kailula, matasa su karɓi gadin dare. A guji sayen ƙwayar barci a kemis. Wanda ya yi makonni a haka, a raka shi babban asibitin Anka ko na Gummi a auna jininsa, ya faɗa wa likita abin da ke damunsa. Tsaron hanyar gona kuwa, wannan nauyi ne da ke wuyan gwamnati.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.