Kafin Ka Yarda a Canza Ƙwaƙwalwar Motarka

Zamanin Peugeot 504 da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, bakanike da kunne yake gano ciwon mota: ya kwance kafireta, ya wanke, ya hura, a kama hanya. Golf da Sharan da Corolla da ke jigila yau tsakanin Kauru, Pambeguwa da Saminaka injekta ne da su, kuma wani ɗan akwatin lantarki, birenbos, wato ƙwaƙwalwar mota, shi ke auna iskar da inji ya shaƙa da zafinsa, ya yanke yawan fetur ɗin da nozul zai fesa.

Da mota ta ƙi tashi, ko ta fara baƙin hayaƙi, sai ka ji an ce, "Alhaji, ai ƙwaƙwalwa ce ta ƙone." Kada ka yi saurin buɗe aljihu. Akwatin nan bai cika mutuwa haka kawai ba. Fiyus, rile, famfon mai, sensa, ko wayar da ɓera ya ci, kowannensu kan kawo irin wannan alamar. Motocin kasuwar Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, suna da soket, yawanci a ƙasan sitiyari, inda ake jona kwamfuta ta karanto matsalar. Kuɗin zuwa Kaduna, Jos ko Kafanchan a yi gwajin bai kai asarar sayen abin da ba shi ne ya lalace ba.

In kuwa ta tabbata akwatin ne ya mutu, a nemo abin da ya kashe tsohon, domin wayar da ta ƙona shi tana nan tana jiran sabon. Mu da kanmu muke jawo yawanci: cire kan batir inji na aiki wai ana gwada caji, juya wayoyi wajen jona batir da batir, walda a jikin mota batir na ɗaure, sai wankin inji da kutsawa cikin rafi da damina a hanyoyin Geshere da Damakasuwa.

Wajen saye, ko a kasuwar Panteka ta Kaduna ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ka tafi da tsohon a hannu. Kama da wane ba wane ba ne: lambar jikinsu dole ta zo ɗaya, don na mota mai giyar hannu daban yake da na otomatik. Ka kafa sharaɗin mayarwa a gaban shaida.

Ranar ɗaurawa a zare makulli, a fara cire kan batir mai alamar ragi, a duba ƙusoshin soket ɗin akwatin ko sun yi tsatsa, kuma kada a danna da ƙarfi. Motar da makullinta ke da ɗan cif na tsaro ba za ta tashi ba sai an saita shi da sabon akwatin a kwamfuta. In mai rewaya ya ce zai yanke waya ya zagaye wannan, ka sani tsaron motarka daga ɓarayi ne zai cire.