Ƙananan Jiragen Yawon Aktik Ba Su Da Tsarkin Da Ake Ba Su

Tun daga 1 ga Janairun 2025 gwamnatin Norway ta tsuke wa masu kai 'yan yawon buɗe ido tsibiran Svalbard, can ƙuryar arewacin duniya inda rana kan yi watanni ba ta faɗi ba. Jirgin ruwan da zai shiga wuraren da aka keɓe kada ya ɗauki fasinja sama da 200, kuma a cikinsu wurare 43 kaɗai aka yarda a sauke mutane. Wanda ya hango farin beyar dole ya tsaya mita 300 nesa da shi, daga Maris zuwa ƙarshen Yuni kuwa mita 500. Masu harkar sun yi ta ƙorafi, kuma har yanzu akwai masu cewa ai ƙaramin jirgi ba ya ɓarna, a je a kama manya.

Wannan magana ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙaton jirgi mai dubban mutane yakan tsaya a tashar Longyearbyen da ke Svalbard ko ya yi shawagi nesa da gaɓa. Ƙaramin kuwa an ƙera shi ne musamman don ya kutsa lungun da babba ba zai iya ba. Da safe sai a sauke kwale-kwalen roba, a kwashi mutane rukuni-rukuni zuwa tudu, kowa da dogon takalmin roba, jagora a gaba rataye da bindiga saboda beyar. Abin da suke takawa gansakuka ce da 'yan tsirrai masu jinkirin girma, har sawun ƙafa kan daɗe bai ɓace ba. A 2018 wani beyar ya far wa mai gadin jirgin MS Bremen bayan sun sauka a wani tsibiri, aka harbe beyar ɗin nan take. Shi dai a gidansa aka same shi.

Sai kuma hayaƙi. Injin jirgi yana fitar da kunkunniya, ta sauka a kan ƙanƙara. Farar ƙanƙara tana mayar da yawancin hasken rana sama, amma da zarar ta yi baƙi sai ta shanye zafin ta narke da sauri. Duk wanda ya taɓa saka baƙar riga da tsakar rana a watan Afrilu ya san bambancinta da fara. Ga shi kuwa binciken masana a Finland a 2022 ya nuna cewa tun 1979 yankin Aktik yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya. Ƙanƙarar da ta ja baya ita ce ta buɗe wa jiragen hanya, su kuma suna tallata tafiyar da cewa a zo a gani kafin ta ƙare!

Haɗarin bai tsaya kan dabba da tsiro ba. A Satumban 2023 jirgin Ocean Explorer ya kafe a Alpefjord, arewa maso gabashin Greenland, da mutum 206 a ciki. Jirgin sojan ruwan Denmark da aka tura yana nesa da fiye da kilomita 2,000. Sai bayan kwana uku wani jirgin binciken kifi ya janyo shi. Allah ya sa babu guguwa.

Norway ta yi abin da ya dace. Inda ake jan ƙafa shi ne Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya: ta haramta baƙin mai mai kauri a ruwan Aktik daga 1 ga Yulin 2024, amma ta bar ƙofar sassauci ga jirage da dama har zuwa 2029.