Yawan Magani Na Cutar da Tattabarun Tsere

A watan Nuwamba na 2020 aka yi gwanjon wata tattabarar tsere mai suna New Kim a Beljiyam, aka sayar da ita Yuro miliyan 1.6, bayan a 2019 an sayar da wani namiji, Armando, kan Yuro miliyan 1.25. Tun ƙarni na 19 Beljiyam ce cibiyar wannan wasa, kuma a gasar Basalona tsuntsu kan keta kimanin kilomita 1,000 kafin ya sauka ɗakinsa. Inda kuɗi ya kai haka, tsoron asara kan sa mai kiwo ya riƙa zuba magani a ruwan sha ko da tsuntsayen lafiya lau suke. Wannan ɗabi'a kuskure ce, domin yawancin ciwon tattabara daga cunkoso, gurɓatacciyar iska, ƙazamin ruwa da abinci marar kyau yake tasowa.

A dubi yadda cututtukan ke yaɗuwa. Tattabara takan tsoma baki cikin ruwa ta zuƙa, don haka mazubi ɗaya ya isa ya raba wa ɗaki duka ƙwayar tirikomonas, mai haddasa rawayen miki a maƙogwaro. Uwa da uba kuma suna ciyar da 'yan shila baki da baki da wani ruwa mai kauri da suke fitarwa daga jakar wuyansu, sai cutar ta bi ta nan. Ƙwayoyin koksidiya da salmonela ta kashi suke fita, kuma danshin daɓe ne ke raya su. Kashin da ya taru yana fitar da iskar amoniya mai ƙona hanyar numfashi, tsuntsun da numfashinsa ya taɓu kuwa ba ya cin gasa. Ƙurar gashin ma ba ta bar mai kiwon ba, tana jawo masa kumburin huhu da likitoci suka daɗe da sani. Duk waɗannan, shara da tagogi da rage yawan tsuntsaye ne ke karya lagonsu.

Haka batun abinci yake. Tattabara mai renon 'ya'ya tana buƙatar ƙarin wake da danginsa masu gina jiki, mai doguwar tafiya kuwa kitse take ƙonawa a sama, shi ya sa ake ƙara mata masara da gyaɗa gab da gasa. In aka ci gaba da wannan haɗi lokacin hutu, ƙiba ta danne ta. Tana kuma buƙatar tsakuwar da ƙundu ke niƙa hatsi da ita, da sinadarin kalsiyam don ɓawon ƙwai. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna na ɗauke da dafin afulatoksin mai lalata hanta, kuma babu maganin da ake zubawa a ruwa da zai gyara wannan ɓarna.

Masu kare ɗabi'ar zuba magani a ruwa za su ce ana cusa tsuntsayen mutane da dama cikin kwanduna a mota ɗaya zuwa wurin saki, suna shan ruwa tare, don haka tsabtar ɗakin mutum ɗaya ba ta isa ba. Gaskiya ne haɗarin yana nan. Sai dai cutar da aka fi tsoro a irin wannan cakuɗuwa ita ce faramiksobairos, 'yar'uwar cutar Nukasil ta kaji, wadda ta mamaye Turai a farkon shekarun 1980, tana murɗe wuyan tsuntsu. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairos. Allurar rigakafi ce ke tare ta, shi ya sa ta zama dole ga tattabarun gasa a Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai. Wasu kuma za su ce zakarun gasa ma suna ba da magani. Amma likitocin dabbobi sun riga sun samu tirikomonas da ba ya jin magungunan da aka saba ba shi, sakamakon ɗan kaɗan da ake bayarwa a kai a kai. Tun Janairun 2022 dokar Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi maganin kashe bakteriya a matsayin abin yau da kullum.

Masu kiwon tattabaru a ƙasar Hausa, ko da ba don tsere suke yi ba, cututtukan nan ne dai ke shiga ɗakunansu. A ware sabon tsuntsu na 'yan makonni kafin a haɗa shi da sauran, a sauya ruwa kullum, a adana hatsi inda ba danshi. In ciwo ya bayyana, a kai kashi ko tsuntsun wurin likitan dabbobi ya gwada kafin a sayi magani.