MASUNTAN MARSASHLOK

A tsakiyar Bahar Rum akwai wani tsibiri, ana ce da shi Malta. Yana kudu da tsibirin Sisili da kamar mil 60. Ya sami mulkin kai daga hannun Ingila a 1964. Harshen mutanensa ya samo asali daga Larabci.

A kudu maso gabashin Malta akwai ƙauyen masunta mai suna Marsashlok. Marsa kalmar Larabci ce, ma'anarta wurin da jirage ke tsayawa. A nan teku ya kutsa cikin ƙasa, saboda haka jirage suna samun mafaka daga haukan ruwa. Jiragen yaƙin Turkawa ma a nan suka tsaya a 1565, sa'ad da suka kawo wa Malta hari.

Jirgin masuntan sunansa luzzu. Na katako ne. Suna shafa masa fenti shuɗi da rawaya da ja da kore, su zana masa idanu biyu a goshi. Tun kaka da kakanni suke cewa idanun nan suna tsare jirgi daga sharri.

Akwai wani kifi da suke kira lampuki. Kifin nan yana son inuwa. To, sai masunta su ɗaure ganyen dabino a jikin abin da ke iyo, su ɗaura masa igiya da babban dutse don kada ruwa ya tafi da shi. Kifi ya taru a inuwar ganyen, su kuwa su kewaye shi da taru. Ran Lahadi kasuwa takan ci a bakin tashar, mutane su zo daga nesa sayen kifi.

Amma fa kifi ya ragu a Bahar Rum, domin an kama shi fiye da kima. Shi ya sa aka kafa doka. Ba a kama lampuki ta wannan hanya sai daga 15 ga Agusta zuwa ƙarshen Disamba. Dokar tana rage yawan abin da ake kwashewa, don a bar wa baɗi iri.

Manomi ba ya cinye irin shukarsa. Haka masunci mai hankali ba ya kwashe ruwa kaf. In kifi ya ƙare, ƙauyen ma ya watse.