Yaƙin Hitila Da Aikin Kakanninmu Mata

Ya ku 'yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, in an zo tarihin Yaƙin Hitila, na 1939 zuwa 1945, sai a yi ta ba ku labarin mazan da suka tafi Bama. To, wa ya riƙe gida bayansu?

A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kuza. Sai Turawa suka juyo kanmu. Aka shiga ɗiban gwamna, watau kwasar maza daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza Jos ala tilas, har 1944. Ga kuma na soja. Ana cikin wannan, gwamnati ta matsa a ƙara noman gyaɗa, don mai ya yi wa Ingila ƙaranci.

Ku dubi ƙasarmu, daga Tsafe zuwa 'Yandoto, Gusau har Bunguɗu. Ƙasar gyaɗa ce da auduga, ga reluwe ya riga ya iso Gusau. Amma jirgi ba ya ɗaukar gyaɗa da ɓawonta. A turmi ake ɓare ta, a sheƙe, a tsince, kuma duk wannan hannun mace ne. Buhun da ya hau sikeli, maigida ke karɓar kuɗinsa. Matar fa? Ladan ɓarewa in an ba ta, in ba a ba ta ba sai sannu.

Tufafin kanti kuma suka yi wuya, akoko ya zama sai wane da wane. Mazari ya dawo da darajarsa. Tsohuwa ta gurza auduga, ta shiɓe, ta shafa alli a yatsa ta yi ta kaɗi har dare, masaƙa na jiran zare. Wannan kuɗin kam nata ne, ba mai tambayarta.

A Ingila, dokar 1941 ta kira 'yan mata marasa aure aikin yaƙi, aka rubuta sunansu, aka biya su albashi. Ko da aka sallami da yawa bayan yaƙi, an riga an ga abin da mace ke iyawa. Namu ba a rubuta ko ɗaya ba, don a tsakar gida suka yi nasu.

Shi ya sa da inji ya zo ba a tuna da su ba. Injin ɓare gyaɗa na hannu ya yaɗu a shekarun 1950, maza suka riƙe shi. Aka buɗe masaƙar zamani a Gusau a shekarun 1960, zaren inji ya kashe kasuwar mazari, albashin kuwa galibi aljihun maza ya shiga. Abin da ya rage a hannunmu shi ne matsar mai da suyar ƙuliƙuli.

In akwai tsohuwa a gidanku, ku tambaye ta inda mazarin uwarta yake.